Kafin Ka Ce Sun Lalace: Yadda Ake Gane Abin da Ya Sauya a Kiɗan Metal

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da yamma. Na baya, in ba ku jin muryata ku ɗaga hannu, don maganar tamu duk ta kunne ce.

Duk inda masoya kiɗan metal, wato kiɗan nan na jitar lantarki da ganga mai ƙara da nauyi, su biyu suka haɗu, ba a minti goma sai ɗaya ya ce ƙungiya kaza ta lalace, ta bi kasuwa, faifanta na uku ne na ƙarshe mai kyau. Ɗayan ya ce kai ne dai kunnenka ya tsufa. A rabu baram-baram, ba wanda ya faɗi takamaiman abin da ya sauya. To, sautin ƙungiya haɗi ne kamar miya. In miya ta canza ɗanɗano, mai girki na gaske zai gaya maka daddawa ce ta yi yawa ko gishiri ne ya gaza. Wanda bai iya rarrabe kayan haɗin ba, gardamarsa hayaniya ce, kuma in ka nemi ya zaɓa maka abin saurare, canki-canki zai yi.

Mu fara da tsirkiya, don nan ne tushe. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya ko mai gurmi yana gyara kayansa ya san in aka ɗaure tsirkiya tamau, murya ta yi sama, in aka sassauta, ta yi ƙasa ta yi kauri. Jita ma haka take. A saitin da aka saba, tsirkiya mafi kauri, wadda ake kira E, tana girgiza kamar sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, mutumin Birmingham ta Ingila, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama yana ɗan shekara 17, a masana'antar ƙarfe. Bahago ne, saboda haka da hannun daman yake danna tsirkiya. Sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma sirara-siraran tsirkiyoyi, kuma a faifan Master of Reality na 1971 ya sassauta su har gaɓa uku, wato matakan murya uku na wuyan jita, a wasu waƙoƙin, girgizar ta sauko wajen 69. Ku saurari faifansu na farko na 1970 ku bi shi da wannan. Mutum huɗun nan ne dai, ba wanda ya fita, amma sautin ya yi nauyi kamar hadari ya haɗo. Daga nan aka yi ta gangarawa. Korn suka zo da jita mai tsirkiya bakwai suka sauke ta zuwa 55. Meshuggah na Suwidin suka kai ta takwas, wajen 44, wato dab da inda jitar bes, mai murya mafi kauri a ƙungiya, take farawa, don ita tata mafi kauri 41 ce.

Makaɗan da ke cikinku, ga inda ake yin ɓarna. In ka sassauta tsirkiya mai lambar kauri 9 zuwa 42 har gaɓa uku ba ka canza ta ba, za ta yi laƙwas. Da ka doke ta da ƙarfi murya ta haura sama kafin ta dawo daidai, tana kuma gogar gaɓoɓin wuyan jita tana zizar banza. Maganinsa ka sa mai kauri, kamar 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56, ka ɗan faɗaɗa ramukan da tsirkiyoyin ke bi ta saman wuya, ka sake saita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tunda ƙarfin jan ya canza, sannan ka daidaita tsawon kowace tsirkiya a gindi har muryarta a gaɓa ta 12 ta yi daidai. Jitar da aka saba gani tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne ko 25.5. Ta Meshuggah ta kusa inci 30, don tsirkiyar ta riƙe ƙarfinta a wannan zurfin. Kuma da zarar jita ta sauka haka, ta shiga gonar bes, dole mai haɗa sauti ya raba musu fili, in ba haka ba komai ya cakuɗe ya zama kunu.

Wannan ya kawo mu kan Metallica, wadda ba ƙungiyar da aka fi gardama a kanta, kuma kusan kowane irin sauyi akwai shi a tarihinta. Tun 1984, da suka sa waƙa mai sanyi guda ɗaya a Ride the Lightning, aka fara cewa sun bi kasuwa. Faifai na biyu ke nan fa! A 1986 suka fitar da Master of Puppets, a watan Satumban shekarar motarsu ta kife a Suwidin, makaɗin bes ɗinsu Cliff Burton ya rasu, Jason Newsted ya maye gurbinsa. Faifan 1988, ...And Justice for All, sa iyafis mai kyau ka nemi bes, da ƙyar za ka ji alamarta. Dalili biyu ne. An rage ta da gangan wajen haɗa sauti, sannan Newsted yana bin sawun jitar James Hetfield ƙafa da ƙafa, jitar kuma an cire mata tsakiyar murya an cika mata ƙasa, ta danne shi. Shi ya sa faifan ya bushe ƙayau, duk da cewa rubutun kiɗan ya fi na kowane faifai nasu sarƙaƙiya.

Sai 1991, baƙin faifai, wato mai baƙin bango, wanda ya sha zagi amma aka fi saya, sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. Me ya sauya? Ku ƙirga. Na 1988 waƙa tara ce a minti 65, wata ta kusa minti goma. Na 1991 waƙa goma sha biyu ce a minti 62. Gudu ya ragu: waƙar da aka sa wa faifan 1986 sunanta tana wuce bugu 200 a minti, wadda ta buɗe baƙin faifai kuwa wajen 120 take. Abin da suke kira rif, wato gajeren kiɗan jita da ake maimaitawa har ya zama kamar taken waƙa, da kan jera shi iri bakwai ko takwas a waƙa guda, yanzu ɗaya ko biyu ake ginawa a kai. Furodusa Bob Rock ya sa su kaɗa tare a ɗaki ɗaya, ya dawo da bes, ya ba ganguna sarari su yi amo. Saboda haka mai cewa ya yi laushi, a tambaye shi: gudu yake nufi ko nauyi? In gudu ne, ya yi gaskiya. In nauyi ne, a ganina ya yi kuskure, don ta fuskar amo baƙin faifai ya fi wanda ya gabace shi nauyi nesa ba kusa ba. Na Load kuwa a 1996, rabin fushin da aka yi a kan aski ne, don sun yanke gashi. Kunne ba ya jin gashi.

Wasu faifansu biyu da suka zo daga baya su ne darasin sutudiyo. A St. Anger na 2003, makaɗin gangarsu Lars Ulrich ya saki zaren ƙarfen da ke manne a ƙarƙashin ƙaramar gangarsa. Zaren nan shi ke ba gangar "tas" ɗinta, ya kuma kashe amon da ke biyo baya. Da aka sake shi, kowane bugu sai ya yi "ƙwang" kamar ana dukan garwa, kuma faifan kaf ba inda jita ta keɓe ta yi wasa ita kaɗai. A Death Magnetic na 2008 kuma an matse sautin ne don ya yi ƙara, har kan igiyar sautin ya guntule, ganguna suna tsagewa. Masu saurare suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero ba a matse su haka ba, suka koma jin wancan. Kiɗa ɗaya, makaɗa ɗaya, haɗin sauti ne kawai ya bambanta, amma wani ya ce faifan shara ne, wani ya ce sun dawo hayyacinsu.

Wani lokacin ma ƙaramin akwati ne sirrin. Sautin zarto na Stockholm, wanda Entombed suka fito da shi a Left Hand Path a 1990 a sutudiyon Sunlight, daga na'urar takawa ta Boss HM-2 da ake jona wa jita yake. Maɓallai huɗu gare ta, a murɗe su har ƙarshe. Shi ke nan.

Sauyin mutum ba ya buƙatar dogon bayani, kowa na jin sa. Da Ronnie James Dio ya gaji Ozzy Osbourne a matsayin mawaƙin Black Sabbath a faifan Heaven and Hell na 1980, bambancin shi ne Ozzy kan bi taken jita da muryarsa, Dio kuwa ya ratsa ta samansa da nasa karin, Iommi ya samu damar sake salon rubutu. Judas Priest sun sha suka kan Turbo na 1986 saboda jitar da aka haɗa da na'urar sauti, shekara huɗu bayan nan makaɗin ganga Scott Travis ya shigo da bugun ganga da ƙafa biyu mai gudun tsiya, aka samu Painkiller. Sepultura ta Barazil ta tashi daga gudun Arise na 1991 ta koma Roots na 1996, mai sassautacciyar jita da gangunan gargajiya, har da ɗaukar sauti a wurin ƙabilar Xavante.

Wanda ya fi wahalar hukunci shi ne na Opeth. Mawaƙinsu Mikael Åkerfeldt ya shahara da haɗa gurnani da tattausar murya a waƙa ɗaya, kamar a Blackwater Park na 2001. A Heritage na 2011 ya ajiye gurnanin gaba ɗaya, bai dawo da shi faifai ba sai 2024. Masoya suka ce gurnani suke kewa. Amma tun 2003 sun yi Damnation, ba gurnani ko ɗaya, kuma mutanen nan sun karɓe shi hannu biyu. Ashe abin da ya ɓata a 2011 ya fi murya: kaushin jita ya ragu, ƙafa biyun ganga ta yi ƙasa, sannan faɗowar nan daga tsawa zuwa shiru, wadda ita ce gishirin kiɗansu, ta tafi. Sanyin ba ya daɗi sosai sai an fito daga zafi.

To yaya ake kwatanta faifai biyu ba tare da an yaudari kai ba? Da farko a ajiye sifikar waya. Ba ta iya fitar da abin da ke ƙasa da girgiza 200 yadda ya kamata, alhali duk lambobin girgizar da na lissafa muku ɗazu ƙasa da 100 suke. A sa iyafis mai rufe kunne ko sifika mai girma. A tabbatar fayil ɗin ba irin wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ba ne har ya koma MP3 mai lamba 128 ko ƙasa, don farantan tagulla na ganga su ke fara lalacewa, su riƙa yin "shuu". A daidaita ƙarar faifan biyu kafin a yanke hukunci, saboda kunne kan ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi kyau, sababbin bugu kuma kusan kullum sun fi tsofaffi ƙara. A duba ko bugun asali ne ko wanda aka sake gyarawa. Sannan a saurara sau uku: sau ɗaya ganga kawai kake bi, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu ka samu gudun, sau ɗaya jita da bes, na ƙarshe murya. Kada kuma a ƙure ƙara ana awa biyu, kunnen da ya fara ƙugi ba kullum yake dawowa yadda yake ba.

Ba da shawarar abin saurare ma a kan wannan yake tafiya. In wani ya ce maka yana son Metallica, bai gaya maka komai ba tukuna. Ce masa ya kawo waƙa uku, ya nuna minti nawa ne ke tayar masa da tsikar jiki. In gudun 1986 ne, ba shi Arise, ko Reign in Blood na Slayer, waƙa goma da ba su cika minti 30 ba. In nauyi a hankali yake so, ba shi Master of Reality, in ya zauna masa ka ƙara da faifan farko na Candlemass na 1986. Mai kunnen ganga, wanda ya tashi da kalangu da kotso, Roots zai fi saurin kama shi. Wanda ya saba da jitar Agadas kuma, ta wajen wasan jita da tsaftatacciyar murya za ka shigo da shi, Heaven and Hell ya dace, kada ka fara masa da gurnani ya gudu. Faifai ɗaya za ka ba shi, da shekararsa, ba jerin ashirin ba, don mai jerin ashirin ba ya jin ko ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata mai ba da shawara ya faɗa tun farko. Wasu ƙungiyoyin, Slayer na ciki, kalmominsu da zanen bangon faifansu sun shafi Shaiɗan da kisa da izgili ga addini. Wani da gaske yake, wani kasuwa ce da neman tsoratarwa, amma ko wanne ne, karanta kalmomin kafin ka miƙa wa mutum, ka gaya masa abin da ke ciki ya zaɓa da saninsa.

Na ga hannu can gefe. Tambayar malam ita ce, tsohon kaset da ake cewa ya fi daɗi, gaskiya ne? Wani ɓangare. A shekarun 1980 ta gidan waya masoya ke musayar kaset tsakanin ƙasashe, kowa ya kwafa daga kwafin wani. Kowane kwafi yana rage kaifin sama ya ƙara shuu, har a zuwa na biyar ko na shida sautin ya dishe. Da yawa daga abin da tsofaffin masoya ke kira ɗanyen sauti, raunin kaset ne suka saba da shi, ranar da suka ji bugu mai tsafta sai suka ce an ɓata. Yanzu a kunna mana faifan Metallica na 1988 da na 1991 a jere, minti ɗaya-ɗaya, ƙara daidai. Bes kawai za ku bi.