Jawabin Maraba ga Farfesa Ibrahim Agboola Gambari, daga Tsofaffin Ɗalibansa Mazauna Zariya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Wamban Ilori, Malam, barka da sauka. Sannu da hanya.

Ba za mu yi kwana-kwana ba, da roƙo muka tarbe ka. Muna so ka bar wa Zariya takardunka: wasiƙu, rubuce-rubucen hannu, da littattafan da ka tara a tsawon aikinka.

Tarihinka ba ɓoyayye ba ne. Ka yi karatu a Landan da Jami'ar Columbia, ka dawo ka koyar da mu kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan sai Ministan Harkokin Waje a 1984, sai wakilin Najeriya na dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999, sai aikin da Majalisar ta tura ka Myanmar, sai na Darfur. Kai ne shugaba na ƙarshe na kwamitin Majalisar mai yaƙi da wariyar launin fata, domin a hannunka aikin ya kammala.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Afrilun 1994. Ana yanka mutane a Ruwanda, kai kuma kana zaune a Kwamitin Sulhu kana neman a ƙara wa sojojin kiyaye zaman lafiya ƙarfi. Manyan ƙasashe suka ƙi. Aka rage dakarun zuwa 270, aka bar bayin Allah a hannun masu adda. A nan muka gane karatun da ka yi mana: a zauren duniya, mai kujerar dindindin shi ke da wuƙa da nama. Afirka na da ƙasashe 54, ita ce ke cika ajandar Kwamitin, amma ko kujerar dindindin ɗaya ba ta da ita, duk da matsayar Ezulwini da Tarayyar Afirka ta cimma a 2005, wadda ta nemi guda biyu. Ka koya mana kuma cewa siyasar waje zobe-zobe take: a fara da gida da maƙwabta, sannan Afirka ta Yamma, sannan nahiyar, sannan duniya. To Malam, mu ne zoben farko.

Zazzau ba baƙuwar ilimi ba ce. Ƙasar Sarauniya Amina ce, garin da almajirai suka yi ta niƙo gari suna zuwa neman nahawu da fikihu tun kafin Bature ya shigo a 1902. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan Sardauna ya kafa jami'arsa a 1962. Duk da haka, ɗanmu in yana son ya binciki tarihin kakansa, sau da yawa sai an ce masa takardun suna Ingila, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Wannan abu yana yi mana ciwo. Mun kuma ga da idonmu yadda aka buɗe akwatin wani malaminmu bayan rasuwarsa, aka tarar gara ta cinye aikin shekara da shekaru, ba abin da ya rage sai bangon littattafai da jar ƙasa.

Shi ya sa muka yi karo-karo, muka tanadi ɗaki a Samaru. Mun gyara rufin, mun sa akwatunan ƙarfe, mun sami matasa biyu da za su ɗauki hoton kowane shafi su adana a kwamfuta. Mun san Ilori na da haƙƙi a kanka, Abuja ma haka, New York kuwa ba za ta rasa nema ba. Amma a nan ka riƙe alli. Idan duka ba za su samu ba, muna roƙon ko na shekarun Kwamitin Sulhu, 1994 da 1995, don jikokinmu su karanta yadda aka yi daga hannun wanda yake cikin ɗakin.

Makullin yana hannun sakatarenmu, Malam. In ka amince, bayan sallar La'asar sai mu raka ka ka duba wurin.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya maishe ka gida lafiya.

Kwamitin tarba, a madadin tsofaffin ɗalibanka.