Laccar tunawa da Kasimu Yero, yadda aka kwafo ta daga rikodin a Katsina

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba ina gaisuwa, ƴan uwa matasa na baya ku ɗan matso, lasifikar nan ba ta kai wa can.

An ce in yi magana kan marigayi Alhaji Kasimu Yero, Allah ya jiƙanshi. Ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 3 ga Satumba 2017, kwana biyu bayan babbar sallah, yana da shekara 70. Bazazzagi ne, amma mu nan Katsina muna da rabo a cikin aikinshi, don Magana Jari Ce da aka maida wasan talabijin ya fito a ciki littafin Abubakar Imam ne, shi kuwa Imam nan garin ya yi karatu a kwalejin horon malamai, nan ya koyar a midil. To kun ga ba baƙo muka taru muna yi wa addu'a ba.

Ni dai a zauren wani maƙwabcinmu na fara ganinshi, can wajen Rafindaɗi. Talabijin ɗaya ce a layin gaba ɗaya, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake ja a rufe, in an ɗauke wuta a jona ta da batirin mota, mu yara a tabarma manya a benci, kuma sai ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka shiga. Ana sa Karambana, wasan da Kasimu ke fitowa a mai shisshigi, za ka ji zauren ya yi tsit, can kuma a fashe da dariya gaba ɗaya. Wani tsoho da ke zama bakin ƙofa kullum faɗa yake da akwatin, yana nuna shi da sanda yana cewa kai dai Allah ya shirye ka, ina ruwanka da maganar mutane. Wallahi har ranshi yake faɗi, ya manta wasa ne.

To nan nake so ku tsaya, ku masu son shiga harkar fim. Kowa a cikinku jarumi yake so ya zama, a sa mashi shadda a ba shi mota ya yi waƙa da yarinya. Ba laifi. Amma wa zai fito a kawun nan mai taurin kai, wa zai fito a bafade mai baki biyu, wa zai fito a maƙwabci mai shisshigi? In babu su labarin ba gishiri. Kuma wannan ya fi wuya, don sai ka yarda mutane su ji haushinka, ka bar kyanka da girmanka a gida. Kasimu ya yarda da haka shekara da shekaru. A Cock Crow at Dawn, wasan turanci da NTA ta fara nunawa a 1980 don jawo hankalin mutane ga noma, shi ne Uncle Gaga, tare da su marigayi Sadiq Daba da ya fito a Bitrus, kuma har kudu an san Gaga, mutanen da ko sannu ba su iya da Hausa ba suna kiran sunanshi. Mutum ɗaya, turanci ya zauna a bakinshi, Hausa kuwa ba a magana.

Abin da na lura da shi, kuma shi nake ta nanata wa yaran da nake koya wa wasa, bai cika hayaniya ba. Ku kalli idonshi lokacin da wani ke magana. Yana saurare ne da gaske, gira ta ɗan ɗaga, baki ya ɗan karkace, kafin ya ce uffan ka riga ka san abin da ke cikinshi. Yanzu kuwa yaro na tsaye gaban kyamara yana jiran abokinshi ya gama ya sako nashi layin, fuska kamar an aiko shi karɓar bashi. Irin wancan a kasuwa ake koyonshi da majalisar dattawa da wajen ɗaurin aure, ka zauna ka ga yadda mai kuɗi ke gyara babbar riga, yadda wanda ake bi bashi ke sosa ƙeya.

Abin da ke ci mani rai shi ne na tambayi ɗalibai a aji wa ya taɓa kallon Karambana, hannu biyu kacal na gani, su ma guntaye suka gani a YouTube, hoto duk ya dushe. Na taɓa zuwa wani gidan talabijin neman tsofaffin wasanni, aka buɗe mani wani ɗaki, kaset-kaset jibge a ƙasa ƙura ta rufe su, wasu an goge an ɗora wani shiri a kai. Na fito raina a ɓace. Samanja, wato ɗan wasan nan Usman Baba Pategi, ya tafi a 2023, su ma sauran ƴan zamaninsu ɗaya bayan ɗaya suke tafiya.

Don haka ina roƙo, duk wanda ya san akwai kaset ɗin bidiyo na irin wasannin nan a gidansu, ko a tsohuwar adakar baba ne, don Allah kar a zubar, a kawo mu juye shi a kwamfuta mu maido maku abinku. Na ga ana yi mani alama la'asar ta gabato. Mu yi mashi fatiha tukuna, sai mu ɗauki tambaya biyu, malam na can baya tun ɗazu hannunshi ke sama.