Ciyawa ce abincin zomo, karas ɗanɗano ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da hasken, a nan ƙasar da nake zaune lokacin sanyi ne, rana na saurin faɗuwa, shi ya sa na kunna fitila. Ga zomanyata Auta can a lungu. Bari in matso da kyamara ku ga bakinta. Kun ga yadda take kama tsinken busasshiyar ciyawa daga ƙarshe, tana jan sa ciki a hankali har ya ɓace, hancinta na rawa? Babu abin da ke kwantar min da hankali irin wannan, kuma zan gaya muku dalili.

Sa'ad da na ɗauko ta, abin da kowa ya sani shi na sani, wato zomo da karas. Na sayo abincin nan na leda mai launi-launi, wanda aka gauraya hatsi da busassun 'ya'yan itace, kullum kuma ina ƙara mata karas guda. Sai ta tsince masu zaƙin ta bar saura, ciyawa kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Wani dare na tarar ta takure wuri ɗaya, ta ƙi cin komai, tana taune haƙora, kuma tun safe ko ƙwayar kashi ɗaya babu a akwatinta. Gabana ya faɗi. Ban jira gari ya waye ba na kai ta wajen likitan dabbobi.

A can na gane cewa hanjinta ne ya tsaya. Hanjin zomo ba ya hutu, dole abinci ya yi ta wucewa dare da rana, kuma zare-zaren da ke cikin ciyawa su ne ke tura shi. Idan suka yi ƙaranci sai komai ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, ciwon ya hana shi ci, rashin cin kuma ya ƙara tsananta abin. Zomo ba ya iya amai, saboda haka abin da ya shiga hanya ɗaya gare shi. Aka yi mata allurar rage zafi, aka ba ta ruwa, na dawo gida ina ɗura mata abinci da sirinji kaɗan-kaɗan. Don Allah ku riƙe wannan: zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, maganar gaggawa ce, ba ta "mu ga zuwa gobe" ba.

Ga kuma haƙora. Zomo yana da haƙora 28, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaban nan suna ƙaruwa da wajen milimita 2 a mako. Taunar ciyawa, muƙamuƙi na kai-komo gefe da gefe, ita ke goge turamen. In babu ita sai su yi tsini su yanki harshe da kumatu, ka ga yawu na jiƙa masa haɓa yana sakin abinci.

To yanzu ga yadda muke yi. Wajen kashi 85 cikin 100 na abin da take ci ciyawa ce, kullum nakan zuba mata tsibi kamar girman jikinta, kuma ba na bari ta ƙare. Wannan da ke hannuna ita ake kira Timoti. Kafin in zuba sai na sansana, in na ji warin fumfuna ko danshi sai shara. Akwai wata ciyawar mai suna alfalfa, amma ta 'ya'yan zomaye ce masu tasowa, zuwa kamar wata 6, don kalsiyam ɗinta ya yi wa babba yawa, yana iya taruwa a mafitsara. Ɗanyar ciyawa tana da kyau in da hannu aka tsinko ta, amma ban da wadda inji ya yanka, don nan da nan take ruɓewa ta ɓata ciki. Kun lura na rataye ciyawar daidai kan akwatin kashinta? Zomaye suna son ci suna yi, tun da na koma haka cinta ya ƙaru.

Ganye kuma cikin hannu ɗaya, a wanke. Yau na'ana'a ce da ganyen karas da latas mai duhun kore. Farin latas ɗin nan mai dunƙulewa kamar kabeji ba na ba ta, kusan ruwa ne zalla, kuma yakan sa zawo. Sabon ganye ɗaya-ɗaya nake gwadawa, in ba ta kaɗan in duba kashinta washegari.

Felet, wato abincin zomo na kanti da aka dunƙule ƙanana-ƙanana, giram 25 ne a rana ga kowane kilo na nauyin zomo. Auta kilo 2 ce, giram 50 ke nan, kuma aunawa nake yi. Burodi, biskit, cakulan, albasa, tafarnuwa, dankalin turawa da fiya (wato avocado), ko kusa. Ruwa a kwano mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, ta fi sha sosai a ciki fiye da kwalba.

Wani abu da ya taɓa ba ni mamaki: za ku ga zomo ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi, mai sheƙi, a manne kamar 'ya'yan inabi. Kada ku hana shi, halittarsa ce, daga nan yake samun bitamin da furotin. In kun fara ganin irinsa a zube, sau da yawa abinci mai maiƙo da zaƙi ne ya yi yawa.

Karas fa? Sukari ne da shi, don haka ɗan yanki kamar farcen babban yatsa, sau biyu a mako. Yau ranarsa ce, ga shi ta ji ƙamshi ta miƙe da ƙafa biyu. Zo Auta, zo ki karɓa.