Waƙar walras a ƙarƙashin ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, ƙasa-ƙasa zan yi magana, don an ja mana kunne kada wanda ya ɗaga murya a nan. Wurin da nake tsaye sunansa Poolepynten, a tsibirin Prins Karls Forland, ɗaya daga tsibiran Svalbard da ke ƙarƙashin ƙasar Norway. Daga garin Longyearbyen muka taso a jirgin ruwa. Bari in juya muku kyamara.

Kun ga wancan tulin mai ruwan ƙasa a bakin teku? Dabbobi ne, walras ake ce musu, sun kwanta wani kan wani. Ku dubi na gefen nan da ya ɗago kai, ga haure biyu farare sun zubo daga bakinsa, ga gashin baki kauri-kauri. Babban namiji a wannan yanki yakan kai tan ɗaya, haurensa kuma kan doshi mita guda. Galibin waɗanda ke kwanciya a nan maza ne. Ku gode wa Allah kyamara ba ta ɗaukar wari, don da iska ta juyo ɗazu sai da kowa ya toshe hanci.

Abin da kuke ji yanzu gurnani ne, da gyatsa, da minshari. Wanda ya gan su haka zai rantse raggwaye ne, ba abin da suka iya sai barci. To, a cikin jirgi matar da ke mana jagora ta miƙo mini abin sauraro na kunne, ta kunna mini sautin da aka naɗa a ƙarƙashin ruwa lokacin hunturu. Wallahi da ba ta faɗa mini ba, ba zan ce dabba ba ce. Ƙwanƙwasa ce: ƙwaƙ, ƙwaƙ, ƙwaƙ, a hankali, sai ta ƙara sauri, sai ta tsaya, sai ta dawo. Ni dai lugude ya tuna mini, irin wanda mata ke yi a turmi ɗaya, kowace ta san lokacin sauke taɓaryarta. A ƙarshen jerin kuma sai ka ji wani sauti kamar an buga ƙararrawar ƙarfe a cikin ruwa, ya yi amo ya ɓace.

Namiji ne ke wannan, kuma neman mata yake. Lokacin barbararsu tsakanin Janairu ne da Afrilu, sa'ad da teku ta daskare, a wuraren da ƙanƙara ta buɗe ruwa ya bayyana. Matan kan hau ƙanƙara su kwanta rukuni-rukuni, shi kuma ya tsaya cikin ruwa kusa da su. Sai ya nutse minti huɗu zuwa shida yana ƙwanƙwasa da buga ƙararrawar nan, ya taso ya yi minti ɗaya ko biyu yana shaƙar iska, yana fito da huci, ya sake komawa. Haka zai yi ta maimaitawa. Ian Stirling da Becky Sjare, masu bincike da suka saurari walras a arewacin Kanada cikin shekarun 1980, sun tarar waƙar tana da tsari, sassanta na zuwa bi da bi, kuma namiji ɗaya kan shafe fiye da kwana biyu yana yi ba ƙaƙƙautawa.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan: kwana biyu, cikin ruwan da ke gab da daskarewa, ba hutun kirki. Ni a ganina saƙon yana cikin juriyar nan. Rarrauna ko mara lafiya ba zai iya ba. Macen da ke kan ƙanƙara tana ji, abokin hamayya ma yana ji, ya auna ko zai iya tunkara ko ya kama gabansa. In an ƙi jin magana, to, sai haure ya yi aiki, shi ya sa za ku ga tabo a wuyan manyan. Namiji ma sai ya kai wajen shekara 15 kafin ya samu ƙarfin shiga wannan gasa sosai.

Me ya sa sai da sauti? Duhu. A nan rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu, balle a ƙarƙashin ƙanƙara. Ido ba shi da amfani. Sauti kuwa a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a iska kuwa wajen 340 ne kawai, kuma yana nisa. Ana jin waƙar walras daga tazarar kilomita goma. Wannan ne ma ya sa ƙarar injin jiragen da ke ƙaruwa a tekun arewa ke damun masu bincike, har da irin namu da ya kawo mu kallo.

Ƙararrawar fa daga ina? A wuyan namiji akwai jakunkunan iska guda biyu da yake hurawa su kumbura, su ne ke ba da amon. Da su kuma yake yin barci a tsaye cikin ruwa, kai a sama, ba ya nutsewa. Wani namiji mai suna Sivuqaq da aka ajiye a gidan dabbobi a Kalifoniya ya nuna wa masana ƙarin abu: duk sanda ya ƙwanƙwasa ana ganin goshinsa na motsi, sannan yana tafi da hannayensa na gaba a cikin ruwa. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna tafin na da ƙarfin da har kumfar iska ke ɓullowa a tsakanin hannayen ta fashe da ƙara mai tsanani.

An fara ɗaga mana hannu mu koma jirgi, yatsuna ma sun daina jin maɓallin kyamara. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.