Matakala Uku a Bakin Ƙofa: Yadda Ake Tsara Ginin da Kowa Zai Iya Shiga

Ku dubi ƙofar ginin nan. Sabo ne fil, fenti ma bai gama bushewa ba. A bakin ƙofar akwai matakala uku, kowace tsayinta santimita 15. Mai lafiyar ƙafa zai haye su yana amsa waya, ko lura ba zai yi ba. To ga wata baiwar Allah ta iso a keken guragu, da takardunta a cinya. Nan tafiyarta ta ƙare. Ko dai ta jira majiya ƙarfi su ciccibe ta da kekenta kamar kaya, ko ta juya gida. Kuma tun ranar da mai zanen gini ya ja layi a takarda aka yanke mata wannan hukunci, tun ba a haƙa harsashi ba.

Mutum nawa ne ke cikin irin halinta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tasiri, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Ga kuma tsohon da gwiwa ta fara ba shi matsala, ga mai juna biyu, ga wanda ya karye yana dogara sanda na wata uku. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa, kuma sashe na 9 nata ya ɗora wa ƙasashe nauyin kawar da shingayen da ke hana su shiga gine-gine. Amurka ta yi tata dokar tun 1990, kuma awon da za ku ji a nan daga ƙa'idojinta aka ɗauko. Kowace ƙasa da nata ƙa'idojin, sai mai gini ya duba na inda yake.

Mu fara da gangaren da ake yi wa keke, domin a nan aka fi tafka kuskure. Ƙa'idar ita ce, duk hawan santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Mu lissafa da matakalan nan uku. Hawansu santimita 45 ne, ke nan gangaren zai kai mita 5.4. A ƙara shimfiɗaɗɗen wuri na mita 1.5 a ƙasa, wani mita 1.5 a sama. An haura mita 8 ke nan. Wannan fili, in ba a ware shi a zane ba, daga ina zai fito?

Shi ya sa kuke ganin irin gangaren da ake liƙawa bayan an gama gini. A kira birkila, ya zuba siminti na mita biyu a gefen matakala, a ce an cika sharaɗi. Wallahi irin wannan yakan fi rashinsa haɗari. Mai keke ya tunkaro shi, ƙananan tayoyin gaba su ɗaga sama, nauyi ya koma baya, ƙeya ta nufi ƙasa. Wajen sauka kuwa, ƙarfen taya yana zamewa a tafin hannu yana ƙuna, keken ya ƙi tsayawa. Shi kuma shimfiɗaɗɗen wurin da ke sama, ga amfaninsa: kafin mutum ya buɗe ƙofa dole ya saki taya da hannu ɗaya. In a kan gangare yake a lokacin, baya zai koma. A ganina mafita mafi kyau ita ce a rabu da matakalar gaba ɗaya. Tun wajen daidaita fili a riƙa ɗaga ƙasar harabar a hankali, hawan 1 cikin 20 ko ƙasa da haka, har ta kai bakin ƙofa. Kowa sai ya shiga ta ƙofa ɗaya, ba a tura wani ta bayan gini kusa da kwandon shara ba.

Mun iso ƙofa. Faɗin da ake nema santimita 81.5 ne aƙalla, kuma ana auna shi ne bayan an wangale ƙofar, domin kaurin ƙyauren kansa yana cinye wani abu. Dokin ƙofa kada ya wuce milimita 13. A gefen mariƙi a bar fili kamar santimita 45, don mai keke ya raɓe ya jawo ƙyaure ba tare da ya buge shi ba. Mariƙin kuma, ga gwaji mai sauƙi da za ku iya yi yau: ku dunƙule hannu ku gwada buɗe ƙofar ɗakinku. In mariƙin dogo ne wanda ake dannawa ƙasa, zai buɗe, ko da gwiwar hannu ne. In mulmulalle ne da sai an damƙa an murɗa, to mai shanyewar ɓarin jiki da mai ciwon gaɓoɓi sun tsaya a waje. Makunnin wuta da maɓallan lif su ma kada su haura santimita 122 daga ƙasa.

Yanzu ban ɗaki, kuma ina so mu ɗan daɗe a nan. Akwai masu naƙasa da ke rage shan ruwa tun safe in za su fita, saboda ba su da tabbacin samun inda za su kewaya. Wannan abu yana ci mini rai, domin ɗan ƙarin fili kaɗan ne zai raba su da wannan wahala. Keke yana buƙatar da'ira mai faɗin mita 1.5 kafin ya juya. Yana buƙatar sarari a gefen masai, inda mutum zai jera kekensa ya zame ya koma kai, shi ya sa ake ɗaga mazaunin zuwa tsakanin santimita 43 da 48, daidai da tsayin kujerar keke. Ƙarafan dafawa kuma dole su iya ɗaukar nauyin kilo 113. Wanda aka ɗaura da ƙananan kusoshi a jikin bango marar ƙwari, ranar da aka jingina da shi da gaske ranar zai tumɓuke, don haka ƙarfafa bangon ma tun a zane ake yanke shi. Ƙyauren ya fi kyau ya buɗe ta waje. In mutum ya faɗi a ciki, jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, masu taimako na waje ba su da yadda za su yi.

Kada mu tsaya a kan keke kaɗai. Makaho da sandarsa yake karanta gini, sanda kuwa ƙasa take shara. Duk abin da aka maƙala a bango daidai ƙirji ko goshi, kamar tukunyar kashe gobara ko allon sanarwa, sanda ba za ta gano shi ba, sai dai a ji karo. Saboda haka ƙa'ida ta ce irin waɗannan kada su turo fiye da santimita 10. Akwai kuma tayil mai ƙuraje, sau da yawa ruwan ɗorawa, da ake gani a tashoshin jirgi. Wani ɗan Japan, Seiichi Miyake, ne ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Mai dogayen layuka yana cewa ci gaba, mai ɗigo-ɗigo yana cewa dakata, akwai matakala ko titi a gaba. Masu raunin gani suna buƙatar bakin kowace matakala ya bambanta da launi, ƙofar gilashi kuma a yi mata alama. Kurma ba ya jin ƙararrawar gobara, sai an haɗa mata fitila mai walƙiya, har a cikin ban ɗaki inda yake shi kaɗai.

Tunda an ambaci gobara, ga tambayar da ake yawan mantawa: wanda lif ya kai hawa na huɗu, ta ina zai fito ranar da wuta ta tashi? Lif na yau da kullum ba a hawansa a lokacin gobara. Dole a tanadi wurin fakewa kusa da matakala, mai bangon da ke jure wuta, da na'urar magana da masu ceto.

Na san abin da mai kuɗin gini zai ce: tsada. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa a sabon gini, cika waɗannan sharuɗɗa yakan ƙara kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na kuɗin aikin. Abin da ke cin kuɗi shi ne fasa bango da ɗaga bututun ruwa bayan an tare. Ronald Mace, mai zanen gine-gine ɗan Amurka wanda shan inna ta kama tun yana yaro ya kuma yi rayuwarsa a keke, shi ya yayata tunanin da ake kira tsari na kowa da kowa, wato a zana abu ɗaya da zai yi wa kowa aiki tun farko.

Kafin a sa hannu a zane, ku gayyato masu naƙasa su zauna da mai zanen, makaho da kurma da mai keke. Ku sami fili, ku ɗauki alli ku zana ban ɗakin a ƙasa da ainihin awonsa, ku sa kujera a mazaunin masai. Mai keke ya shiga, ya rufe ƙofa, ya juya, ya fito. Duk inda tayarsa ta taka layin alli, bango ne a wurin, sai a goge a matsar da shi.