Darasi: Me ya sa tagar rufi take ƙin zama a Revit?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zanen gini, barkanmu da warhaka. Yau a kan rufi za mu tsaya, musamman tagar nan da ke leƙowa daga cikin gangaren rufi da ɗan rufinta a kai, wadda Revit, manhajar zanen gini, ke kira Dormer. Mu dai tagar rufi za mu ce. Da yawa suna kukan cewa maɓallin Join Roof, mai haɗa rufin tagar da babban rufi, ya ƙi aiki, alhali galibi maɓallin lafiyarsa lau. Lissafin gangare ne ya karkace tun daga farko.

To ku duba allo. Ga gida mai faɗin mita 10, na ɗora masa rufi da Roof by Footprint, wato na zana layukan iyakar rufin. Kafin komai, ku buga U da N a kibod, Project Units zai buɗe, ku duba da wane ma'auni aka sa gangare. Amurkawa da inci suke awo: 6 bisa 12, wato duk tafiyar inci 12 rufin ya tashi inci 6. Mu kuma mun fi sabawa da digiri. 6 bisa 12 digiri 26.57 ne, 9 bisa 12 kusan 37, 12 bisa 12 kuwa 45 cif. Sai mutum ya kalli bidiyon Ba'amurke, ya ji an ce 6, ya zo ya rubuta 6 a fayil ɗin da ke kan digiri. Rufi ya fito a kwance kamar faifai, ya ce kwamfuta ta lalace.

Sai ƙananan alamun nan masu kusurwa uku da ke gefen kowane layi. Su ne Defines Slope. Idan duka layuka huɗu suna da ita, rufin zai gangaro ta ko'ina. In kana so ya zuba ta gefe biyu kawai, cire ta daga layukan ƙarshe biyu. Wannan ba wuya, mu wuce.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Babban rufinmu digiri 30 ne. Rabin faɗin gidan mita 5, ka ninka da 0.577, wato tashin da digiri 30 ke yi a kowace mita, sai ka ga doron rufin ya tashi kusan mita 2.89 daga saman bango. Wannan lambar ce ma kafinta yake so, domin shi tsayin katakon tsakiya yake tambaya, ba ruwansa da digiri. Ku rubuta ta a gefe.

Na kafa gaban tagar mita 1.5 daga bangon waje. A nan rufi ya riga ya tashi santimita 87. Bangon tagar ya ƙara mita 1.2, mun kai 2.07. Faɗinta mita 1.8, na ba ɗan rufinta digiri 45 saboda ya yi kyau, ya ƙara santimita 90. Jimla 2.97. Kun gani? Doron ƙaramin ya zarce na babban. Ku kalla, na je Modify, na danna Join Roof, na zaɓi gefen bayan ƙaramin rufin, na zaɓi fuskar babban... ya ƙi. Dole ya ƙi, don babu fuskar da doron zai je ya tarar. Iska zai kama.

Mafita uku ce: ka rage tsayin bangon, ka janyo tagar kusa da bakin rufi, ko ka sassauta gangarenta. Ni na fi son na ƙarshe. Na mayar da shi 30, tashinsa ya koma santimita 52, jimla 2.59. Na sake Join Roof. Yawwa, ya shige. Kuma a ganina tagar da gangarenta ya yi daidai da na uwar rufin ta fi kwanciya a ido, ta fi sauƙin yankan kwano a wurin aiki. Lissafin nan ban sa kaurin rufi da fitar bakinsa ba, don haka kada ku bar tazara ƙanƙanuwa, ku yanka Section, wato zanen da ke tsaga ginin ya nuna cikinsa, ku gani da idonku.

Har yanzu fa ba mu huda komai ba. In ka leƙa ta ciki, babban rufin ya toshe tagar. Sai ka je Architecture, wajen Opening, ka danna Dormer, ka zaɓi babban rufi, ba ƙaramin ba. A nan ma ana yawan tuntuɓe. Sannan ka bi ka ɗauki layin ƙaramin rufin da fuskokin bangayen tagar uku. Ni fuskar ciki nake ɗauka, don a bar wa bangon abin da zai zauna a kai. Layukan dole su haɗu su rufe. Buga T da R ka datse kowace kusurwa. Sai ka danna koren maɓallin gamawa.

Saura bangayen. Zaɓe su, ka danna Attach Top/Base, ka manna samansu da ƙaramin rufi, ƙasansu da babban. In ka ga bango ya soko har cikin ɗaki, wannan matakin ka tsallake.

Abu ɗaya kafin mu tashi. Duk tagar rufi irin wannan tana haifar da kwari biyu inda ruwa ke taruwa, kuma Revit ba zai gaya maka zai yi yoyo ba. Ruwan Agusta ne zai gaya wa mai gida. Saboda haka a takardar da za ka miƙa wa kafinta, ka zana kwarin daban da girma, ka nuna faɗin kwanon da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa da yadda zai hau jikin bangon tagar. A darasi na gaba za mu ɗauki Align Eaves, wato daidaita bakin rufi, don masu rufin da gangarensa biyu ba ɗaya ba. Sai mun haɗu.