Digirin digirgir a matsayin aikin albashi a jami'o'in Turai

Masu kallo, assalamu alaikum. Yawancin ɗalibanmu na kimiyya da injiniya, da zarar an ambaci digiri na uku a ƙasar waje, hankalinsu kan tafi ga tallafin hukumomin gwamnatin Nijeriya irin su TETFund ko PTDF. Akwai wata ƙofa da ba a cika ƙwanƙwasa ta ba. A Holan, Suwidin, Norway da Denmark, mai neman digirin digirgir galibi ma'aikacin jami'a ne, yana da takardar kwangila da albashi da hutun shekara, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta.

Ga yadda gurbin ke samuwa. Farfesa kan rubuta takardar neman kuɗin bincike, misali a kan batirin ajiye wutar sola ko tace ruwan sha, ya miƙa wa hukumar bincike ko kamfani. Idan ya samu, a cikin kuɗin akwai albashin wanda zai yi aikin. Sai jami'a ta tallata gurbin kamar kowane aiki, a shafuka irin su EURAXESS na Tarayyar Turai da AcademicTransfer na Holan. Ke nan taken binciken a yanke yake tun kafin ka zo, abin da ake nema shi ne hannun da zai iya aiwatar da shi.

A jami'o'in fasaha na Delft da Eindhoven da ke Holan, aikin shekara 4 ne, albashin farko kuma ya kai kimanin Yuro 3,000 a wata kafin a cire haraji. Amma akwai sharaɗin da ya kamata a sani tun daga gida: wajen ƙarshen shekarar farko ana zama a duba abin da ɗalibi ya yi, a yanke ko zai ci gaba ko za a sallame shi. A Jamus ma ana biya bisa ma'aunin ma'aikatan gwamnati, wani gurbin cikakken albashi, wani kuma kashi 65 cikin 100. Shirin Marie Skłodowska-Curie, wato tallafin bincike na Tarayyar Turai, yana da nasa sharaɗin, wato kada mai nema ya zauna fiye da wata 12 a ƙasar da zai je cikin shekara 3 da suka gabata.

Inda na fi ganin matasanmu suna tuntuɓe shi ne wasiƙar neman gurbin. Mutum ya rubuta wasiƙa ɗaya, ya cika ta da kirarin jami'ar, ya aika wa farfesa hamsin, abin da ya sauya sunayensu kawai. Wannan yana ba ni takaici, domin da yawansu suna da ƙwarewar da ake nema, sai dai ba su nuna ta ba. Farfesan yana so ya ga kundin digirinka na biyu, na'urar da ka taɓa sarrafawa da hannunka, manhajar da ka rubuta da Python ko MATLAB, da shaidar cewa ka karanta maƙalarsa ka fahimce ta. Kafin ka amsa tayi kuma, ka tuntuɓi ɗaliban da ke ƙarƙashinsa ka ji halinsa, domin da shi za ka yi shekara huɗu.

A Holan, ranar kare kundi a bainar jama'a ake yin ta. Malamai sanye da rigunan jami'a suna yi wa ɗalibi tambayoyi, har wani jami'i ya shigo riƙe da sanda, ya ce "Hora est" da Latin, ma'ana lokaci ya cika. Nan take tambayoyi ke tsayawa, kwamitin ya fita shawara.